Tarihin Amrish Puri, babban mugun finafinan Indiya

Da safiyar ranar 12 ga watan Janairun shekara ta 2005 ne Amrish Puri ya mutu a asibitin Hinduja da ke birnin Mumbai, yana da shekaru 72 da haihuwa.

Kafin mutuwarsa ya fito a finafinai sama da 400, kuma babu wani ɗan wasan Indiya na zamaninsa da ya kai shi yin suna wajen fitowa a matsayin mugu, wato wanda 'yan kallo a ƙasar Hausa ke kira bos.

Da yawa daga cikin waɗanda suka haddace fuskarsa da kakkaurar muryarsa ba su san sunansa na yanka ba. Abin da suka sani shi ne Mogambo, sunan da ya amsa a fim ɗin Mr. India na shekarar 1987.

Sai dai wannan ɗaukaka ba ta zo masa da wuri ba. Sai da ya doshi shekara 40 kafin ya fara fitowa a majigi, kuma sai da ya kusa 50 kafin jama'a su san da shi. Shekarun da suka gabaci haka ya yi su ne tsakanin teburin ofishin gwamnati da rana, da dandalin wasan kwaikwayo da dare.

Haihuwa da tasowa

An haifi Amrish Lal Puri ranar 22 ga watan Yunin 1932 a garin Nawanshahr na lardin Punjab, lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Iyayensa mabiya addinin Hindu ne masu magana da harshen Punjabi.

Ya yi karatu a Shimla, garin da ke kan tsaunukan Himalaya, inda Turawan mulkin mallaka kan mayar da hedikwatar gwamnati idan zafi ya tsananta.

Yana ɗan shekara 15 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, a shekarar 1947. Lardinsu na Punjab na cikin wuraren da aka fi zubar da jini a wannan rabuwa, kuma labarin abin da ya faru a lokacin ya sake biyo shi cikin ayyukan da ya yi bayan shekaru da dama.

Gidansu gidan 'yan wasa ne. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi tafiya Bombay, birnin da a yau ake kira Mumbai, sun kuma samu gindin zama a sana'ar fim. Madan musamman ya yi fice wajen fitowa a mugu. Kazalika shahararren mawaƙi kuma jarumin finafinan shekarun 1930 da 1940, K. L. Saigal, ɗan uwansu ne na kusa.

Saboda haka lokacin da Amrish ya bi sahun yayyensa zuwa Bombay a tsakiyar shekarun 1950, fatansa shi ne ya zama jarumi, irin wanda ke rera waƙa, ya doke abokan gaba, ya kuma auri budurwa a ƙarshen fim.

Hakan bai yiwu ba. A gwajin farko da aka yi masa gaban kyamara, masu shirya fim sun ga fuskarsa ta cika tsauri, ba ta dace da ta jarumin soyayya ba, suka sallame shi.

Ma'aikacin inshora

Bayan wannan koma-baya sai ya nemi aikin albashi. Ya samu gurbi a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin Indiya, wadda aka fi sani da ESIC, a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago.

A wannan hukuma ya shafe kimanin shekaru 20. A cikinsu ne ya yi aure a watan Janairun 1957, ya kuma samu 'ya'ya biyu, namiji da mace.

Ga mutane da yawa nan labarin zai tsaya: magidanci mai iyali, mai albashin wata-wata, wanda ya taɓa sha'awar wasa a ƙuruciya. Amma a farkon shekarun 1960, yana gab da cika shekara 30, Amrish Puri ya shiga makarantar koyon wasan dandali ta Ebrahim Alkazi a Bombay.

Alkazi, ɗan wani attajiri Balaraben Saudiyya da ya zauna a Indiya, shi ne mutumin da daga bisani ya shugabanci makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Delhi daga 1962 zuwa 1977, inda ya horas da 'yan wasa irin su Naseeruddin Shah da Om Puri. Abin da masu fim suka gani a matsayin aibu a jikin Amrish, wato faɗin kafaɗa da manyan idanu da murya mai kauri, shi Alkazi ya gan shi a matsayin kayan aiki.

Shekarun dandali

Da Alkazi ya koma Delhi, sai Amrish ya ci gaba da aiki a hannun Satyadev Dubey, wanda ya gaji ƙungiyar Theatre Unit. Har ƙarshen rayuwarsa Amrish Puri yana ɗaukar Dubey a matsayin malaminsa.

Dubey mutum ne mai tsanani wajen horo, musamman a kan furuci. A hannunsa Amrish ya koyi yadda ake sarrafa numfashi, da yadda ake fitar da kowane harafi har na bayan zaure ya ji ba tare da an ɗaga murya ba, da kuma yadda shiru kan fi magana tsoratarwa. Bai daina atisayen murya ba ko bayan da ya zama tauraro.

Wannan zamani ya dace da bunƙasar sabon wasan kwaikwayo a Indiya, inda marubuta a harsuna daban-daban ke rubuta wasanni masu tono matsalolin al'umma, Dubey kuma yana gabatar da su da harshen Hindi.

A wasan Andha Yug na Dharamvir Bharati, wanda ya ɗauko ranar ƙarshe ta yaƙin da ke cikin tsohon littafin Mahabharata, Amrish ya fito a matsayin Dhritarashtra, makahon sarkin da son 'ya'yansa ya jefa daularsa cikin halaka.

Ya kuma fito a Adhe Adhure na Mohan Rakesh, da Yayati da Hayavadana na Girish Karnad, da kuma Sakharam Binder na Vijay Tendulkar, wasan da ya sha fama da hukumar tace wasanni saboda yadda ya fito da rayuwar wani mutum mai ɗauko matan da mazajensu suka kora yana ajiye su a gidansa.

Wasan dandali ba ya kawo kuɗin kirki a wancan lokaci. Albashin hukumar inshora ne ke riƙe da gida, sai ɗan abin da yake samu ta hanyar ɗora murya a tallace-tallace. Amma a nan ne ya gina sunan da ya sa manyan daraktoci suka fara nemansa.

A shekarar 1979 hukumar Sangeet Natak Akademi, wadda ke kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a Indiya, ta ba shi lambar yabonta saboda aikinsa a dandali.

Shiga fim a makare

Fitowarsa ta farko da aka lura da ita a finafinan Hindi ita ce wata 'yar ƙaramar rawa a Prem Pujari na Dev Anand a 1970, sai kuma Reshma Aur Shera na Sunil Dutt a 1971, fim ɗin da shi ma Amitabh Bachchan, wanda bai yi suna ba tukuna, ya fito a cikinsa a matsayin bebe.

A 1973 Girish Karnad ya ba shi babbar rawa a Kaadu, wani fim na harshen Kannada da ke bayar da labarin gabar da ke tsakanin ƙauyuka biyu.

Amma wanda ya buɗe masa hanya sosai shi ne darakta Shyam Benegal, jagoran masu yin finafinan da ba na kasuwa ba, waɗanda babu rawa da waƙa irin na al'ada a cikinsu, sai nuna rayuwar talakawa yadda take.

A fim ɗin Nishant na 1975, Amrish ya fito a matsayin babban wa a gidan wasu masu mallakar gonaki, waɗanda ƙannensa suka sace matar malamin makarantar ƙauye, hukuma kuma ta kasa cewa uffan. An nuna wannan fim a gasar Cannes ta ƙasar Faransa a 1976.

A Manthan na 1976 kuwa, shi ne ɗan kasuwar da ke sayen madara a wulaƙance daga hannun makiyaya, yake kuma yin duk abin da zai iya don wargaza ƙungiyar gama-kai da suke son kafawa. Manoma da makiyaya 500,000 na jihar Gujarat ne suka haɗa kuɗin yin fim ɗin, kowannensu ya bayar da rupi 2.

Ya sake aiki da Benegal a Bhumika a 1977, da Kalyug a 1981, da Mandi a 1983, da Suraj Ka Satvan Ghoda a 1992, har zuwa Zubeidaa a 2001.

Haka nan darakta Govind Nihalani ya yi amfani da shi a Aakrosh na 1980, inda ya fito a matsayin lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, da Ardh Satya na 1983, inda ya zama tsohon ɗan sanda mai dukan matarsa, wanda ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da ba ya so. Om Puri ne ya fito a matsayin ɗan, kuma duk da kamancin suna, babu dangantakar jini a tsakaninsu.

Mugayen da ya fito a matsayinsu a waɗannan finafinai ba su da fada a tsibiri, ba su da sojoji masu kaki. Irin mutanen da ake gani ne a kowane gari: mai gona, mai kuɗi, jami'in gwamnati, uban gida.

Zamanin bos

A shekarar 1980 aka saki Hum Paanch, inda ya fito a matsayin Veer Pratap Singh, azzalumin basaraken ƙauye. Fim ɗin ya samu kasuwa, kuma daga nan masu finafinan kasuwa suka gane cewa sun samu wanda zai gaji Pran da Ajit da Prem Chopra, ya kuma goga da Amjad Khan, wanda ya girgiza Indiya da rawar Gabbar Singh a Sholay na 1975. Amrish Puri yana da shekaru 48 a lokacin.

Daga nan ayyuka suka yi ta zuwa babu ƙaƙƙautawa. Ya fito a Qurbani a 1980, da Naseeb a 1981, da Vidhaata da Shakti a 1982, da Hero a 1983, inda ya amsa sunan Pasha.

A Meri Jung na Subhash Ghai a 1985 ya zama lauya Thakral, wanda ya sa aka rataye wani mutum alhali ya san ba shi da laifi, domin kawai kada a ce ya faɗi a shari'a. Wannan rawa ce ta ba shi kyautar Filmfare ta farko.

A 1986 ya fito a Nagina a matsayin Bhairon Nath, gardi mai sihiri da ke farautar macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace, rawar da Sridevi ta taka.

Sai kuma Mr. India na darakta Shekhar Kapur a 1987. Labarin wani matashi ne, Anil Kapoor, mai riƙon marayu, wanda ya gaji wata na'ura daga mahaifinsa da ke sa mutum ya ɓace wa gani. Abokin gabarsa shi ne Mogambo, wani shugaban 'yan ta'adda mai gashi launin zinariya da rigar soja mai ado, wanda ke zaune a wani tsibiri ya saita makamai masu linzami a kan Indiya, yaransa kuma kan faɗa cikin tafkin guba da zarar ya yi musu nuni.

Da farko Anupam Kher aka tsara zai taka wannan rawa, kafin daga baya a miƙa ta ga Amrish Puri. Wata 'yar gajeriyar jimla da Mogambo ke maimaitawa duk lokacin da aka faranta masa rai ta zama karin maganar yau da kullum a Indiya, har 'yan siyasa da 'yan jarida suna aro ta.

Bayan Mogambo ya zama Bhujang a Tridev na 1989, da Balwant Rai a Ghayal na 1990, da Janar Dong a Tahalka na 1992, da lauya Chaddha a Damini na 1993, mai kare 'ya'yan masu kuɗin da suka yi wa 'yar aiki fyaɗe, da Thakur Durjan Singh a Karan Arjun na 1995, da Raja Saab a Koyla na 1997.

Bai tsaya ga finafinan Hindi kaɗai ba. Ya yi na harsunan Punjabi da Marathi da Telugu da Tamil da Malayalam, ciki har da Thalapathi na Mani Ratnam tare da Rajinikanth a 1991, da Kaalapani a 1996.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai taɓa ɗaukar rawar mugu da wasa ba. Ko da labarin fim ɗin bai taka kara ya karya ba, yakan tsara wa kowane mugu tasa shiga, da nasa gashi, da tasa tafiya, da yadda yake zare ido. Masu shirya fim sun fahimci cewa nasarar jarumi ba ta armashi sai idan abokin karawarsa ya cika abin tsoro, don haka ya zama cikin 'yan wasan da ba jarumai ba da aka fi biya da tsada.

Abin mamaki shi ne, duk da cewa an sha sanya sunansa a takarar kyautar Filmfare ta gwarzon mugu tun bayan da aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1990, bai taɓa lashe ta ba. Duka kyaututtukan Filmfare uku da ya samu na mataimakin jarumi ne.

Finafinan Turawa da ce-ce-ku-ce

A shekarar 1982 ya fito a fim ɗin Gandhi na Richard Attenborough, a matsayin Khan, wani attajiri Musulmi da ya mara wa Gandhi baya a gwagwarmayarsa ta farko a Afirka ta Kudu.

Bayan shekara biyu sai darakta Steven Spielberg na Amurka ya ba shi rawar Mola Ram a Indiana Jones and the Temple of Doom, wani shugaban matsafa mai ciro zuciyar mutum da hannu, yana kuma bautar da yara a ramin haƙar ma'adinai.

Gwamnatin Indiya ta ƙi amincewa a ɗauki fim ɗin a ƙasarta sai an sauya wasu sassa na labarin. Masu fim ɗin suka ƙi, suka koma Sri Lanka da Ingila.

Da fim ɗin ya fito a 1984 ya samu gagarumar kasuwa a duniya, amma ya fusata Indiyawa da dama, saboda yadda ya nuna su suna cin ƙwaƙwalwar biri da macizai, da yadda ya danganta addinin Hindu da yanka mutane, da kuma yadda aka mayar da Bature mai ceton ƙauyawa. An hana nuna shi a Indiya na wani lokaci, wasu kuma suka zargi Amrish Puri da taimaka wa baƙi wajen zubar da mutuncin ƙasarsa.

Shi dai bai yarda da wannan zargi ba. A ganinsa fim ɗin tatsuniya ce kawai, kuma aiki da Spielberg dama ce da ba ta zuwa sau biyu. Shi ma Spielberg ya sha yabonsa a matsayin mugun da ya fi burge shi.

Duk da haka bai koma Hollywood da zama ba, ya ci gaba da aikinsa a gida. Abin da ya rage masa daga wannan fim shi ne ƙwaryar molo: saboda Mola Ram ne ya aske kansa ƙwal, kuma daga nan ya ci gaba da zama haka.

A akwatin talabijin

Aikinsa mafi muhimmanci a talabijin shi ne Tamas, wanda Govind Nihalani ya shirya daga littafin marubuci Bhisham Sahni, aka kuma nuna shi kashi-kashi a 1988 a tashar Doordarshan ta gwamnati, wadda ita kaɗai ce tashar talabijin a ƙasar a lokacin.

Labarin ya koma Punjab ta 1947. Wani ɗan siyasa ne ya biya wani talaka majemi ya kashe alade, washegari aka tsinci mushen a ƙofar masallaci, gari ya kama da wuta tsakanin Musulmi da Hindu da Sikh.

Amrish Puri ya fito a matsayin Teja Singh, dattijon da ke jagorantar mabiya Sikh na wani ƙauye da suka fake a wurin ibadarsu.

Shirin bai ɗora laifi a kan addini guda ba. Ya nuna yadda masu neman mulki a kowane ɓangare ke hura wutar, talakawa kuma su ne ke ƙonewa. Wasu ƙungiyoyin Hindu masu ra'ayin riƙau sun yi zanga-zanga, aka kuma shigar da ƙara don a dakatar da shi, amma kotun ƙolin Indiya ta yanke hukuncin a ci gaba da nunawa.

Daga mugu zuwa uba

A shekarun 1990, da girma ya fara kama shi, sai daraktoci suka gano wani ɓangare na baiwarsa. Ya zama uba a Phool Aur Kaante na 1991, fim ɗin farko na Ajay Devgn, da Gardish na 1993, inda ya fito a ƙaramin ɗan sanda mai burin ganin ɗansa ya zama sufeto, ƙaddara kuma ta mayar da yaron ɗan daba.

Rawar da ta fi kowacce tasiri a wannan fanni ita ce ta Chaudhry Baldev Singh a Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra, wanda aka saki a watan Oktoban 1995.

Baldev Singh mai kanti ne a birnin Landan, ya shafe sama da shekara 20 a ƙasar Turawa amma zuciyarsa tana Punjab. Ya yi wa ɗan amininsa alƙawarin 'yarsa Simran tun tana jaririya, ita kuwa ta kamu da son wani saurayi, Raj. Kajol da Shah Rukh Khan ne suka taka waɗannan rawa biyu.

Ƙarfin fim ɗin ya ta'allaƙa ne a kan cewa uban ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsoron karya alƙawari, mai fargabar kada baƙuwar al'ada ta cinye masa zuri'a. Saurayin ma ya ƙi gudu da yarinyar, ya dage sai uban ya ba shi ita da hannunsa. A tashar jirgin ƙasa, a minti na ƙarshe, Baldev Singh ya saki hannun 'yarsa.

Sinimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta shafe fiye da shekaru 25 tana nuna wannan fim.

A Ghatak na 1996 ya fito a matsayin Shambhu Nath, tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yanci da ciwon daji ya kama, wanda wani ɗan ta'adda ya wulaƙanta a bainar jama'a. A Virasat na 1997 kuma ya zama basaraken ƙauye mai son ɗansa da ya yi karatu a waje ya dawo ya riƙe gida. Waɗannan biyu ne suka kawo masa kyautar Filmfare ta biyu da ta uku a jere. A shekarar ce kuma ya fito a Pardes, ya kuma nuna cewa ya iya barkwanci a Chachi 420 tare da Kamal Haasan.

Bai yi sallama da mugunta gaba ɗaya ba. A 2001 ya zama gurɓataccen babban ministan jiha a Nayak, wanda ya ƙalubalanci ɗan jarida ya karɓi kujerarsa na kwana ɗaya. A wannan shekara kuma ya fito a Gadar a matsayin Ashraf Ali, magajin garin Lahore, wanda ya nemi raba 'yarsa da mijinta mabiyin Sikh bayan rabuwar 1947.

Gadar ya tara kuɗi ƙwarai, amma wasu ƙungiyoyin Musulmin Indiya sun yi zanga-zanga a kansa a wasu birane, suna ƙorafin yadda aka nuna Musulmi da addininsu, masu sharhi da dama kuma suka ce ya cika zafin kishin ƙasa. Bambancin da ke tsakaninsa da Tamas, waɗanda duka suka ɗauko tarihi guda, ya nuna irin nisan da ke tsakanin ɓangarori biyu na sana'ar da Amrish Puri ya yi wa hidima.

A ƙasar Hausa

Tun a shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na arewacin Najeriya, kuma suka samu karɓuwar da finafinan Amurka ba su samu ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun danganta hakan da kamancin al'adu: kunya, da girmama iyaye, da suturar mata, da kuma rikicin auren dole.

Shekarun da Amrish Puri ya yi tashe sun zo daidai da lokacin da sinimomi irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano ke cika maƙil, da kuma lokacin da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje. Masu kallo da ba sa jin Indiyanci ba su bukatar tafinta idan ya bayyana, domin kallonsa da muryarsa sun isa bayani.

Shi ma uban da ya fito a matsayinsa a finafinansa na baya-baya, mai tsayawa a kan alƙawarin aure ko da 'yarsa ba ta so, ba baƙo ba ne ga masu karanta littattafan soyayya da masu kallon finafinan Hausa.

Rashin lafiya da mutuwa

Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da kiyaye lokaci da tsare gida, halin da ya saɓa da na mutanen da yake kwaikwayo. Yana da sha'awar tara huluna, inda ya tara sama da 200 daga ƙasashen da ya ziyarta.

A shekarar 2003 ya ji mummunan rauni a fuska da ido a wani haɗari wajen ɗaukar fim ɗin Jaal a jihar Himachal Pradesh. Daga bisani likitoci suka gano yana ɗauke da wani nau'in ciwon daji na jini da ke hana ɓargo samar da lafiyayyun ƙwayoyin jini.

Duk da haka bai ajiye aiki ba. A 2004 kaɗai an gan shi a Aitraaz da Hulchul da Mujhse Shaadi Karogi da Dev da Lakshya.

An kwantar da shi a asibiti ranar 27 ga watan Disamban 2004, aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, daga baya ya shiga doguwar suma da bai farfaɗo ba. An ƙone gawarsa a Mumbai bisa al'adar mabiya Hindu, manyan 'yan fim da dubban jama'a suka halarta.

Fim ɗin Kisna na Subhash Ghai ya fito kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa, sannan a 2006 aka wallafa littafin tarihin rayuwarsa mai suna The Act of Life, wanda ya shirya tare da marubuciya Jyoti Sabharwal.

Ranar 22 ga watan Yunin 2019, ranar da zai cika shekaru 87 da yana raye, kamfanin Google ya karrama shi da zanen hotonsa a shafinsa na farko a Indiya. A cikin shekarar ce kuma jikansa, Vardhan Puri, ya fito a fim ɗinsa na farko.